Gowon, Ojukwu da Gardamar Teburin Mai Shayi: Yaya Ake Auna Maganar Shugaba a Lokacin Yaƙi?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a kasuwar Mile 12 da ke Legas, kuma kusan kullum bayan isha'i muna zama a teburin mai shayi. Sati biyu ke nan muna gardama ɗaya. Wani yayanmu ya ce Janar Yakubu Gowon bai iya magana ba, takarda kawai yake karantawa, Ojukwu ya fi shi baki nesa ba kusa ba, yaƙin basasar Biyafara ma kwamandojinsa ne suka ci masa. Ni kuma na ce ai wanda ya ci yaƙi shi ne ya iya. Sai ya ce to in magana ba komai ba ce, me ya sa muke ƙorafi idan shugaban ƙasa ya yi shiru ana kashe mutane a Arewa? Na rasa amsa. Don Allah a warware mana."

Wa alaikumus salam, ɗana. Ka gaishe mini da yayan naka, ya ɗaure ka da igiya mai ƙwari. In na fahimce ka, abin da kuke jayayya a kai shi ne: shin iya magana wani ɓangare ne na iya jan ragamar ƙasa a lokacin yaƙi, ko ado ne kawai? Kuma idan aka ɗora Gowon a kan wannan sikeli, ina ya faɗa?

Ni malamin tarihi ne, na yi fiye da shekara ashirin ina koyarwa a makarantun sakandare a nan Legas, kuma yawancin shekarun ni ne mai horar da 'yan ƙungiyar muhawara. A Agege aka haife ni, mahaifina ɗan kasuwar goro ne, ina ɗan shekara goma sha ɗaya aka gama yaƙin. Muryar Gowon na fara jin ta ne a rediyon mahaifina, dattawa sun kewaye ta a zaure, wani mai jin Turanci yana fassara musu kafin Rediyon Kaduna ya kawo ta da Hausa. Da wannan ido biyu nake kallon maganar, na yaron da ya ji da na malamin da ya karanta daga baya.

Mutanen biyu

Yayanka bai yi ƙarya ba a kan baki. Ojukwu, wanda ya jagoranci Biyafara, ɗan attajiri ne, ya yi King's College a nan Legas, ya karanta tarihi a Jami'ar Oxford ta Ingila. A Zungeru aka haife shi, yana jin Hausa, shi ne kwamandan bataliya ta 5 a Kano lokacin juyin mulkin 15 ga Janairu 1966. Idan yana magana yakan ja murya, ya dakata inda ya kamata, ya bar mai sauraro ya matsu ya ji abin da zai biyo. 'Yan jaridar Turai sun ƙaunaci hira da shi. Gowon kuwa ɗan mai wa'azin Kirista ne, Angas daga Filato, ya tashi a Wusasa, ya yi makarantar da yanzu ake kira Barewa a Zariya, sannan makarantar horar da hafsoshin soja ta Sandhurst a Ingila. Mulki ya faɗo masa ranar 1 ga Agusta 1966 yana ɗan shekara 31, ko aure bai yi ba. Jawabinsa na soja ne, a rubuce, ba hawa ba sauka. Mutanen da kunnensu ya saba da muryar Abubakar Tafawa Ɓalewa dole su ji bambanci.

Wannan bambanci ya taɓa cutar da Gowon ƙwarai, a Aburi ta ƙasar Gana, ranakun 4 da 5 ga Janairu 1967. Ojukwu ya je da shiri, da takardunsa, ya san abin da yake so. Gowon ya je da zuciyar cewa tsofaffin abokan aiki ne za su zauna su sasanta. Aka tashi da yarjejeniyar da ta kusa mayar da Najeriya tarayyar jihohi masu cin gashin kansu. Da Gowon ya dawo Legas manyan sakatarorin gwamnati suka nuna masa abin da ya amince da shi, aka fara ja da baya. Ojukwu ya riga shi hawa rediyo, ya kuma fitar da faifan abin da aka tattauna, duniya ta ji da kunnenta. Daga nan har aka fara harbi, Gowon kare kansa yake yi. A nan yayanka ya ci ka, kada ka yi musu. Rashin ƙwarewa a teburin magana ya jawo wa ƙasa hasara, domin abin da shugaba ya ce "na yarda" a kai ba ya dawowa baki.

Jawabin da ya fi kowanne nauyi

Amma ka tambayi yayanka wane jawabi ne ya fi tasiri a duk rikicin. Ni a ganina na ranar 27 ga Mayu 1967 ne, kuma mai karanta takardar ne ya yi shi. A ranar Gowon ya rushe jihohi huɗu ya ƙirƙiri 12. Arewa ta kasu shida, wanda ya rage wa mutanen Kudu tsoron da suka daɗe suna yi na katafariyar Arewa guda. Gabas ta kasu uku, ƙananan ƙabilun bakin teku, su Ijaw da Efik da Ibibio da Ogoni, suka samu jihar Ribas da ta Kudu maso Gabas, abin da suka shekara da shekaru suna nema. Jihar Legas ɗin da muke zaune a cikinta a ranar aka haife ta. Kwana uku bayan haka, 30 ga Mayu, Ojukwu ya yi shelar Biyafara, amma yankin mai da tashoshin jiragen ruwa da yake dogaro da su an riga an ba mutanensu dalilin tsayawa a Najeriya.

Babu wanda ya haddace jimla ɗaya daga jawabin nan don daɗinta. Ƙarfinsa yana cikin abin da ya yanke. Wannan shi ne abin da na daɗe ina cusa wa ɗalibaina: maganar shugaba a lokacin yaƙi bashi ce yake ci. Kowace jimla tana ɗaure shi da wani abu, ko ta ɗaure sojansa, ko ta sa talaka ya yanke shawarar gudu ko zama. Don haka idan za ka auna ta, ka tambaya me ya ɗauka wa kansa, kuma ya biya ko bai biya ba.

Akwai aikin da nakan ba 'yan muhawara. In kwafe jawabi, in rufe sunan mai shi, in raba musu. Sai in ce kowa ya ja layi a ƙarƙashin duk inda aka yi alkawari, ko aka faɗi wani abu da za a iya bincikawa. Wani jawabin shafi goma ne amma layi biyu za ka ja. Wani rabin shafi ne, duk ya cika da layi. Bayan nan sai mu koma mu duba abin da ya faru. Yara da yawa a nan suke fara gane cewa jawabin da ya sa su tafi ba lallai ne shi ya tsira daga bincike ba.

Mu yi wa Ojukwu wannan aiki. Ya gaya wa mutanensa cewa idan suka ajiye makami za a ƙare su gaba ɗaya. Kada mu yi wa kanmu ƙarya, tsoron yana da tushe: dubban 'yan ƙabilar Ibo aka kashe a garuruwan Arewa a Mayu da Satumba da Oktoban 1966, waɗanda suka tsira suka koma gida da labarin abin da idonsu ya gani. Mu Hausawa ya kamata mu iya faɗin wannan ba tare da murguɗa baki ba, kamar yadda muke so a faɗi kisan Sardauna da Tafawa Ɓalewa. To amma Enugu ta faɗi a Oktoban 1967, Fatakwal ta faɗi a Mayun 1968, hanyar teku ta toshe. Daga lokacin duk mai hankalin soja ya san ba a cin yaƙin nan da bindiga. Abin da ya riƙe Biyafara wata ashirin bayan haka, har da muryar Ojukwu, da Rediyon Biyafara, da kamfanin farfaganda da suka ɗauka a Janeba, da begen cewa hotunan yara masu kwashiyoko, wato ciwon yunwa, za su sa manyan ƙasashe su shigo. Ƙasashe biyar ne suka amince da Biyafara: Tanzaniya, Gabon, Kwaddibuwa, Zambiya da Haiti. A waɗannan watanni ne yunwa ta fi kisa. A Yunin 1969 ya yi dogon jawabinsa na Ahiara kan irin al'ummar da za su gina, alhali ƙasar da ta rage a hannunsa ta tsuke ƙwarai. A Janairun 1970 ya hau jirgi daga filin jirgin Biyafara na Uli ya tafi Kwaddibuwa. Iya maganarsa gaskiya ce, amma ta sa mutane sun jure abin da da wani mai ƙarancin baki ne ke mulkinsu wataƙila da an tsaya tun da wuri.

Ba shi kaɗai ba ne. Wata ɗaya kafin a fara namu yaƙin, a Yunin 1967, Gamal Abdel Nasser na Masar, wanda duk ƙasashen Larabawa ba mai bakinsa, ya ga Isra'ila ta ƙone masa jiragen yaƙi a ƙasa cikin safiya ɗaya, rediyon Sautul Arab kuwa yana ta shelar nasara. Ranar 9 ga wata ya fito ya ce ya sauka, jama'a suka cika titunan Alƙahira suka mayar da shi. Baki ya ceci kujerarsa, Sina'i kuwa ta riga ta tafi. Na baya-bayan nan, George W. Bush ya tsaya a kan jirgin ruwan yaƙi ranar 1 ga Mayu 2003, a bayansa an rataya kyalle mai cewa aiki ya kammala, alhali yawancin jinin Iraƙi bai zuba ba tukuna.

Inda Gowon ya biya da inda bai biya ba

Yanzu mu juya wa Gowon sikelin, kuma kada mu sassauta masa don muna jin namu ne.

Tun farko ya ƙi kiran Ibo abokan gaba. Ya ce da masu tawaye ake faɗa, 'yan uwa ne za a dawo da su gida. Ya fitar da ƙa'idojin aiki ga sojoji, waɗanda suka hana taɓa mata da yara da wanda ya miƙa wuya. A 1968 ya gayyato masu sa ido daga Birtaniya da Kanada da Suwidin da Folan da Majalisar Ɗinkin Duniya da Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka su bi bayan sojojinsa, abin da shugaba mai niyyar ƙare wata ƙabila ba zai yi ba. Ranar 15 ga Janairu 1970, a Barikin Dodan da ke nan kusa da Obalende, Philip Effiong, mataimakin Ojukwu, ya miƙa wuya, Gowon ya rungume shi, aka yi shelar afuwa, aka ce ba wanda ya yi nasara ba wanda aka yi nasara a kansa. Ba a kafa kotun rataye shugabannin tawaye ba. Na tuna dattawa a zaurenmu ba dukansu suka ji daɗin haka ba, akwai waɗanda suka rasa 'ya'ya a fagen daga suna ganin an yi sauƙi da yawa. Mahaifina ya ce musu yaron nan abin da ya faɗa tun ranar farko shi ya yi. Ka duba yaƙe-yaƙen basasa nawa aka gama a Afirka ta wannan hanya, za ka ga ba su da yawa. Wannan babban bashi ne, kuma ya biya.

Sai dai akwai layukan da na ja waɗanda ba su tsira ba. Da aka fara harbi ranar 6 ga Yuli 1967, gwamnati ta kira abin aikin 'yan sanda, wai ɗan taƙaitaccen mataki ne na kamo masu laifi. Wata guda bayan haka sojojin Biyafara suka mamaye Jihar Tsakiyar Yamma, suka kai Ore, kan hanyar Legas. Yaƙin ya ci wata talatin. Rundunar da ba ta wuce kimanin mutum 10,000 ba ta kumbura ta kai wajen 250,000, yawancinsu an ɗebo su ne an ba su horon 'yan makonni. A 1968 an sake cewa ga turawar ƙarshe, saura kaɗan, sai da aka ƙara fiye da shekara. Shugaban da ya raina wa jama'a girman abin da ke gabansu ya ci amanarsu ko da bai yi niyya ba, domin a kan maganarsa uwa take barin ɗanta ya shiga soja.

Mafi nauyi shi ne Asaba. A Oktoban 1967 sojojin runduna ta biyu suka tara maza da samari na garin, waɗanda suka fito suna nuna goyon bayan Najeriya ɗaya, suka buɗe musu wuta, ɗaruruwa suka mutu. Ƙa'idojin aikin suna nan a rubuce a lokacin. Sannan toshe hanyoyin abinci: ɓangarorin biyu sun yi ta ja-in-ja a kan ta ina agaji zai bi, Legas na cewa ta ƙasa da rana, Ojukwu na cewa ta sama, domin jiragen dare da ke sauka Uli har makamai suna kawowa. Ranar 5 ga Yuni 1969 sojan saman Najeriya ya harbo jirgin agaji na Red Cross. Ƙiyasin waɗanda suka mutu a yaƙin ya kama daga rabin miliyan zuwa miliyan 2, mafi yawansu yunwa ce. Laifin na mutum biyu ne, amma wanda ya kira su 'yan uwa nasa kason ba ƙarami ba ne.

Wata shekara na ba 'yan ajina wannan maudu'i. Wata yarinya 'yar asalin Imo ta tashi, ba ta ɗaga murya ba, ta ce kakanta yana da kuɗi a banki kafin yaƙi, bayan yaƙi fam 20 aka ba shi, kamar yadda aka yi wa duk wanda ya taɓa asusunsa a Biyafara komai yawan abin da ke ciki. Ta ce to wa aka ce ba a yi nasara a kansa ba? Ajin ya yi tsit. Yaron da ke kare Gowon, Bahaushe ne ɗan Idi-Araba mai baki ƙwarai, ya rasa ta cewa. Tun daga ranar ban sake koyar da jawabin 15 ga Janairu ba sai na haɗa shi da fam ashirin ɗin, da gidajen Ibo da aka ƙwace a Fatakwal da sunan dukiyar da aka yasar.

Batun kwamandoji

Cewa kwamandoji ne suka ci masa yaƙi, rabin gaskiya ce. Gowon daga Legas ya tafiyar da yaƙin, kuma Mohammed Shuwa da Murtala Mohammed da Benjamin Adekunle kowa kamar sarki yake a rundunarsa, har gasar sayen makamai suke yi. Murtala ya dage sai ya ƙetare kogin Kwara daga Asaba zuwa Onitsha da jiragen ruwa duk da shawarar hedikwata, aka yi asarar rayuka masu yawa. Shugaba mai tsauri da ya taka masa birki da wuri. Bikin auren Gowon da aka yi a babban cocin Marina a Afrilun 1969, ana tsakiyar yaƙi, a watan da Owerri ta kuɓuce daga hannun sojan tarayya, shi ma ya jawo masa magana, kuma ina ganin masu maganar suna da hujja.

Amma a Mayun 1969 ya sauya kwamandojin rundunonin uku gaba ɗaya, ya cire Adekunle da ke kan ganiyar suna ya sa Olusegun Obasanjo, wata takwas bayan haka yaƙi ya ƙare. Gowon ne ya fito da Obafemi Awolowo daga kurkukun Kalaba, daga baya ya ba shi ma'aikatar kuɗi, wanda ya riƙe Yarbawa a cikin tarayya kuma aka yi yaƙin ba tare da cin bashin waje ba. Shi ne ya sayi makamai daga Birtaniya da Tarayyar Sobiyet lokaci ɗaya, ana tsakiyar yaƙin cacar baka. Aikin shugaba ke nan, zaɓen mutane da riƙe su a inuwa ɗaya. Abraham Lincoln na Amurka ma sai da ya yi ta sauya janar-janar kafin ya dace da Janar Grant a 1864, a yaƙin basasar ƙasarsu, kuma jawabinsa na Gettysburg da duniya ke haddacewa minti biyu ne kacal, bayan wani mashahurin mai baki ya shafe awa biyu a dandali ɗaya.

Komawa ga igiyar da aka ɗaure ka da ita

Kuskurenka, ɗana, shi ne da ka ce wanda ya ci shi ne ya iya. Tarayya ta fi Biyafara yawan mutane da makamai da kuɗi da ƙawaye, ko da shugaba maras kirki tana iya ci. Abin tambaya shi ne yadda aka ci da abin da aka bari a baya. Kuskuren yayanka kuma shi ne ya haɗa iya magana da yin magana. Abin da muke ƙorafi a kai yau ai ba rashin balaga ba ne. Da aka sace 'yan matan Chibok ranar 14 ga Afrilu 2014, kusan sati uku aka yi kafin Shugaba Jonathan ya yi wa 'yan ƙasa magana a kai kai tsaye. A Disambar 2015 Shugaba Buhari ya ce a fasahance an ci Boko Haram da yaƙi, mutanen Borno kuwa suka ci gaba da binne 'yan uwansu. Na farko shiru ne a lokacin da iyaye ke jiran a ce an san da su, na biyu magana ce da ta riga aiki. Wanda aka kashe wa ɗa a Zamfara ba Turancin Oxford yake nema ba. So yake a fito da wuri, a faɗi girman abin yadda yake, a faɗi abin da za a yi, sannan a dawo bayan wata uku a ce ga inda aka kai.

Ni malami ne, ban taɓa riƙe bindiga ba, kuma yaƙin ya same ni a Agege inda ba mu kwana da yunwa ba ko sau ɗaya. Hukuncina shi ne Gowon matsakaicin mai magana ne, matsakaicin mai sarrafa janar-janar, amma ya riƙe alkawari ɗaya mai girma a lokacin da saɓa shi ya fi sauƙi. Mutumin Asaba ko Owerri zai ɗora waɗannan abubuwa a sikeli ɗaya nauyin ya fito masa daban, kuma yana da haƙƙin haka. Kuna da su a Mile 12, masu sayen tumatir da albasa a hannunku kullum. In akwai dattijo a cikinsu da kuke mutunci, ku saya masa shayi wani dare ku tambaye shi abin da gidansu suka ji a rediyo ranar 15 ga Janairu 1970.